Jarkar Fetur a Bayan Rumbu

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hadiza da yara? Mu nan an gama noman farko.

Jarkar fetur ɗin da ka bari bara saboda ko-ta-kwana, na ɓoye ta bayan rumbu, ko cokali ban bari an ɗiba ba. Ranar Laraba da hantsi numfashin babanku ya sarƙe. Kawunka ya zuba man a babur, ya yi ta bugawa, ya ƙi tashi. Ashe man ya lalace, ya yi ja kamar shayi.

Habu, ɗan maƙwabciyarmu Talatu, shi ya kai shi asibiti a Ɗanbatta, ya kuma samu sauƙi. Talatu har da ce mini, "Yaya, ai fetur ba ya son dogon zama. Ni duk ranar kasuwa Habu ke sabunta mini nawa."

Na yi godiya, amma raina ya sosu. Ita ɗanta na gida, ni jarka aka bar mini.

Ka sa babanku a addu'a, ka gaida kowa. Kada ka aiko a sayi wani man. Ka zo da kanka.

Innarka