Kada Ka Kunna Kwamfutar

Benjamin,

Na wuce aiki Bangi. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka da maƙwabta sun ji mu.

Jiya ka ce za ka raba kwamfutar gidan nan biyu, Windows ɗina a gefe, Linux ɗinka na makaranta a gefe, kowa da ɗakinsa. Na ce ka fara kwashe kayana, ka ce babu buƙata, ai abin da kake karantawa ke nan. Da safen nan na kunna. Ɗakinka yana nan tsaf, nawa wayam. Hotuna dai na haƙura da su. Amma waƙoƙin noman da Baba ya rera mana da Kambarci kafin ya rasu, can kaɗai suke.

Kada ka ce za ka gyara. Mai gyara ya gaya mini a waya duk abin da aka ƙara ɗorawa zai danne abin da ya rage. Na ma tafi da wayar wutar.

Ɗazu Mama ta ce in sa mata muryar Baba, sai aka ɗauke wuta, na tsira. In an kawo, kai za ka yi mata bayani.

Yayarka,
Rahila