Akushin Ƙasimu

Gwaram, Maris 1975

Zuwa ga Yaya Salihu,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, ina ƙara yi mana ta'aziyyar Inna. Allah Ya jiƙanta.

Yaya, tun sadakar bakwai ban koma ɗakina Birnin Kudu ba, saboda ƙanenmu Ƙasimu. Ka san tun tafiyarka Inna ce take ci da shi. Da ta rasu, ƙanen mahaifinmu Baba Barau ya ce a ware masa kwano, wai yawun mai taɓin hankali yana shafar mutum. Yanzu ta bakin ƙofa ake tura masa tuwo. Tun ranar ba ya taɓa komai sai ruwan da ya jawo da kansa da ɗanyar gyaɗa. Ya ce masu yi masa magana a kunne sun gaya masa an zuba guba, in ba haka ba me ya sa kowa yake gudun kwanon? Ƙwayar asibiti ma ya daina sha. Haƙarƙarinsa duk a waje.

Don Allah ka zo. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zuwaira

Apapa, Ikko, Afrilu 1975

Zuwaira,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta same ni ina tsakar dakon siminti a bakin teku.

Ba zan zo ba. Shekara nawa na yi ina ci da Ƙasimu? Gonata ta koma saura, matata Kubra ta gaji ta tafi gidansu, ban kuwa ga laifinta ba, wace mace za ta zauna da mijin da kullum yana daji neman ƙanensa? Tabon laujen da ya yi mini yana nan, in hadari ya haɗu sai ya riƙa ƙaiƙayi. Duk tsawon lokacin Baba Barau ba ya leƙo mu sai in zai ari jaki. Yau shi ne likita.

Amma ki gaya musu tambayar Ƙasimu tambayar mai hankali ce. Ni ma in aka turo mini tuwo ta bakin ƙofa ba zan ci ba. A zuba a akushin mahaifinmu, namiji ɗaya ya zauna da shi, ya ƙyale shi ya juya akushin yadda ya ga dama, sannan ya fara kai loma daga gefen da Ƙasimu ya nuna masa. Kada a ce masa ci. A yi ta hirar gero da kasuwar Sara. Ƙwaya kuma a miƙa masa a tafin hannu, kada wani mai dabara ya ɓoye ta a fura. Baba Barau yana da 'ya'ya maza cike da gida, kowa da bakinsa.

Nan ma ba hutu nake yi ba. Ana ta cewa kuɗin mai ya zo, ni dai ƙurar siminti nake haɗiya. Amma ina barci ba tare da kunnena yana kan ƙofa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa miki ina son hakan.

Ki gai da mutanen gida.

Salihu

Gwaram, Mayu 1975

Yaya Salihu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta musu wasiƙarka. Kowa ya kawo uzuri. Ɗanbala, babban ɗan Baba Barau, ya ce cikinsa ne ba daidai ba, da yamma kuwa na hango shi wajen mai tsire.

Sai na ɗauki akushin da kaina. Ƙasimu ya ƙi shiga cikin gida, don haka a zaure muka zauna, a idon masu wucewa. Ya juya akushin, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Nan gefen Salihu ne. Ke ci can." Na ci. Ya daɗe yana kallon maƙogwarona, sannan ya sa hannu. Yanzu har ƙwayar yana karɓa.

Gari ya ɗauka, wai matar aure tana haɗa hannu da namiji a zaure kamar ƙato. Maigidana Malam Sabo ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya ce yara sun rame, tsohuwarsa ce take fama da su, in aka yi shuka ban koma ba takardata za ta same ni a nan. Baba Barau kuma ya sa an sassaƙo turu, yana jingine a bayan rumbu, ranar da na tafi za a sa ƙafar Ƙasimu a ciki. Ƙasimu ya gani, ya tambaye ni na wane ne. Na ce turken jaki ne. Ya ce, "Jaki mai ƙafa biyu."

Wannan karon ban ce ka zo ba. Na dai faɗa maka ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ka huta lafiya.

Zuwaira

Apapa, Yuni 1975

Zuwaira,

Bayan gaisuwa. Malam Sabo yana da gaskiya, ki shirya kayanki. Na ajiye aiki, sun sa wani tun kafin in kakkaɓe rigata. Zan biyo motar goro zuwa Kano.

Kada ki ce wa kowa na huce, ban huce ba. Na san a zauren nan zan tsufa.

Ki ce wa Baba Barau kada ya yar da turun, da shi za a hura wutar tuwo. Ƙasimu kuma ya ajiye mini gefena.

Sai na zo.

Salihu