Ƙugiyar da Na Sa Wa Aikinki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina sanar da ke ina nan Kara-Kara wurin Gwaggo, inda kika bar ni. Bana ma ruwa bai yi ba a ƙauyenmu Dogo. Amma na shiga kolej, Inna, kamar yadda kika so.

A lakwal ɗinmu, wato makarantar, akwai wani ɗaki mai ordinata, na'urar da ake rubutu da zane a cikinta. Mu huɗu-huɗu muke zama a gaban guda, in akwai wuta. Da farko ko taɓa ta ba na yi, sauran 'yan mata nake bar wa.

Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya shirya shafi a kan yadda gidansu ya ci shekarar fari, a haska a bango aji ya gani. Da Faransanci za a rubuta, amma ya yarda layin farko ya zama da Hausa. Ni ke na tuna: zamanki a zauren masu ƙuli-ƙuli, buhun gyaɗa a gabanki, yatsunki duk sun tsage. Na rubuta cewa da ɓara Innata ta ciyar da mu.

Inna, na'urar ba ta da harafinmu mai ƙugiya. Da aka haska, abin da ya fito shi ne da bara kika ciyar da mu.

Aji ya fashe da dariya. Wata ta ce dama duk 'yan ƙauyen da fari ya koro haka suke. Ni kuwa na lafe a kujerata. Kin san ni.

Ke da ko ranar rabon tsaba sai da Gwaggo ta ja ki. Ke da kike ce mini, "Hadiza, hannun nan na aiki ne, kada ki miƙa shi a buɗe."

Mushe bai yi dariya ba. Ya ce daga ƙasar Faransa na'urar ta zo, ba ta san harafin ba, in sake kalma kawai. Na sunkuyar da kai, amma ban sake ba. Ɓara kika yi. Don me zan nemo wata kalma saboda ƙarfe bai iya Hausa ba?

Ya taɓa koya mana wurin zane a cikin na'urar. Can na shiga. Na ƙara wa harafin girma, na kama ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, na zana ƙugiya a kansa. Na goge, na sake, na goge. Ta fito a karkace kamar lauje. Na bar ta haka. A ƙasa na zana gyaɗa da ɓawonta.

Da aka sake haskawa, na miƙe na karanta da ƙarfi har na bayan aji suka ji. Wadda ta yi maganar nan ta ce ƙugiyar ba ta yi kyau ba. Ai ta karanta daidai.

Wannan wasiƙa ma a bangon aji zan liƙa ta, mai dariya ya zo ya yi a gabana.

Ina kewar ƙanshin gyaɗa a zanenki, Inna. Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya saukar da ruwa a Dogo har kan kabarinki.

Taki har abada,
Hadiza, 'yar mai ɓarar gyaɗa