Rigar Sanyin da Inna Ta Mayar

Gazawa,
cikin bazara.

Zuwa ga ƙanwata Farida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Hayatu da ƴar lelenmu Saliha. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin jinyar da kike yi a Faransa, ya haɗa ku da mutanen kirki. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi. Matata Kubra cikinta ya fito, ta fara cin abinci sosai, kuma ungozoma ta ce haihuwa sai cikin watan takwas in Allah ya yarda. Inna ƙalau take in ban da idon. Mun koma wajen likita a Maraɗi, ya ce hawan jinin idon nan maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na hagu ya kusa rufewa, na dama ke aiki, shi ma sai da haske sosai. Likitan ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da take son gani, a nuna mata bana.

Kin san ni da waya, sai in yi ta kewaye-kewaye, ga Inna kuma kunnenta bai tsufa ba, tana ji tun daga madafa. Shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in tura miki. Maganar tafiyar jirgin ruwa ce, wadda kika ce za ki kai Inna ta ga duwatsun ƙanƙara, kika bar mana zaɓen hanya da watan tafiya.

Hotunan da kika turo mun kalle su har batirin waya ya mutu. Na bayyana mata yadda kika ce. Akwai hanyar kusa, mai bin gaɓar ƙasar Norwe tsakanin duwatsu, ruwa kwance, sai dai ƙanƙarar tana can bisa, sai an sauka an shiga mota an kuma taka. Akwai ta nesa, wadda ke ratsa buɗaɗɗen teku mai jijjiga zuwa tsibiran can ƙarshen arewa, inda ƙanƙara ke gangarowa har bakin ruwa, mutum yana zaune yana kallonta tana tsagewa. Ita wannan ba a bin ta sai daga watan shida zuwa na takwas, lokacin da hanya ke buɗewa. Na ɗauka ta kusa za ta zaɓa, matar da ba ta tsallaka fadama in ruwa ya kai ƙauri. Ina! Ta ce ta nesa take so. Wai ta gaji da ƙanƙarar azumi da ake kawowa daga Agiye a lulluɓe da buhu kamar marar lafiya, tana so ta ga inda take kwance ba mai ita. Da ta ji rana ba ta faɗuwa a can, ta ce to wannan ƙasar masu irin idonta ce. Ita da kanta ta je wajen liman ta tambayi yadda za ta yi magariba da isha'i, ya ce ta bi lokacin gari mafi kusa da ake samun dare. Na daɗe ban ga Inna tana dariya haka ba.

Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin watannin nan duka damina ce. Farida, ban taɓa ce mata kada ta tafi ba, kuma da na faɗa kai tsaye da ya fi mutunci. Abin da na yi, in muna zaune sai in riƙa magana kamar da kaina nake. In ce watan shida dai shuka ce, ko wa zai tsaya kan furar masu aiki. In ce watan bakwai ga noma ga maimai. In na zo watan takwas sai in dubi ɗakin Kubra in yi ajiyar zuciya. Kin san bara waccan mun rasa jaririnmu kafin suna, kuma Inna ce ta riƙe Kubra, ta yi mata wankan jego, ta hana ta zaucewa. Uwar Kubra ba ta da rai. Ba na iya tunanin naƙuda ta zo Inna ba ta cikin gidan nan. Sai na koma ina yabon watan tara, wai ga fitilun sama masu launi da kika ce ana gani. Alhali na sani sarai a lokacin jirgin nesa ya daina tafiya, kuma fitilun cikin duhu suke fitowa, Inna ko fitilar hannu da ƙyar take hange.

Ba a daɗe ba ta kira ni ɗakinta. Ta ce in sanar da ke ta fasa, wai ta tuna sanyi yana tayar mata da ciwon gwiwa, ko a bari sai baɗi. Ta faɗa tana gyaran wake, ba ta ɗago kai ba. Na ce to, Allah ya kai mu. Wallahi daɗi na ji, har na ci tuwo da yawa ranar. Wannan daɗin shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Ranar kasuwar Cadawa na je sayen takin zamani, sai Sajo mai kayan gwanjo, wanda yake abokin marigayi Baba, ya yafuto ni. Ya tambaya ko lafiya Inna ta fasa tafiya. Ashe tun makon da hotunan suka iso ta hau mota ita kaɗai ta zo rumfarsa, ta sa ya zazzage dila har ta samu wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Ya ce ta gwada ta cikin wannan zafin, gumi na zuba, mutane na dariya, ita ma tana yi. Kasuwar da ta wuce kuma ta dawo da ita a ninke cikin zane. Ya ce ta ajiye ta tafi, ta sake dawowa ta shafa gashin wuyan, ta ce masa: "Ka ba wanda za shi ga ƙanƙarar, ni ɗiyana na buƙatata a gida." Na karɓi rigar na ɗaure bayan babur, takin ma ban saya ba.

Da na gaya wa Kubra, ta yi kuka, ta kuma yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ba za a kashe ragowar idon Inna a kan tukunyar ruwan zafinta ba. Ta sa na kira Gwaggo Mairo ta Gidan Rumji, ta kuma amsa za ta zo tun watan bakwai ta zauna har a yi arba'in.

Saboda haka ki kama hanyar nesa. Watan kuma ki duba wanda hanya ta fi buɗewa, haske ya fi yawa, ko da ya faɗa kan haihuwar. Ki nema mata ɗaki mai babbar taga, ki kuma faɗa mini abin da zan kai Yamai don fasfo da biza. Inna za ta kira ki ta yi miki maganar gwiwa, har ta rantse. Kada ki yarda, gwiwarta lafiya lau. Ki ce kin riga kin kama wuri, ba a fasawa.

Ki gai da Malam Hayatu da kyau, ki shafa mini kan Saliha. Kubra da Gwaggo Mairo da Kawu Buba duk suna gaishe ku. Ki yafe mini, ki kuma sa mu a addu'a, domin har yanzu in na tuna watan takwas ban san yadda zan yi ranar ba. Wannan kam kada Inna ta ji shi daga bakinki.

Wassalam. Naki yayanki,
Faruku.