Tsagar Inna a Hoton Waya

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya Anti Binta da yara? Mu nan Ƙofar 'Yandaka sai godiya.

Wayar da ka aiko ta iso, na kuma ɗauki Inna hoto yadda ka ce, don yaranka su san kakarsu. Ya fito tas, ba irin na tsohuwar wayata ba, da mutum ke fitowa kamar a cikin hayaƙi. Amma da na nuna mata sai ta ɓata rai. Ashe wayar ta goge mata fuska sumul, har tsagar gadon da ke kumatunta ta ɓace.

Ta ce, "Wannan 'yar waye? Ina askar gidanmu? Ku kira mini Malam Idi mai hoto, kyamararsa ba ta ƙarya."

Na ce, "Inna, bar ni da ita." Na lalubo abin gyaran fuskar na kashe, na zaunar da ita bakin zaure inda haske yake, na sake ɗauka. Yaya, ko Malam Idi bai taɓa fito da tsagar nan haka ba.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yauwa, ga ni. Tura masa wannan, jikokina su san daga inda suka fito."

Na tura maka. Don Allah kada ka gyara komai. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza