Inna, Na Sallami Sale Daga Ramin Burji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke muna nan lafiya. Jikokinki suna ta girma. Damina ce dai ta sake yi mana gardama bana, gero bai yi abin kirki ba, amma mun gode Allah.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne don maganar ta tsaya mini a ƙirji, kuma duk wanda zan gaya wa a gidan nan ya riga ya yanke mini hukunci.

Inna, na sallami Sale daga aiki. Autanki, wanda kika kama hannunsa kika sa a nawa ranar da jikinki ya yi tsanani, kika ce in riƙe shi amana. Ni na kore shi da bakina, a gaban leburori.

Ba ki riski wannan aikin ba, bari in yi miki bayani. Ana zuba burji a hanyar Gaya zuwa Ajingi, mu muke haƙo shi a wani rami kusa da Toranke. Ni ne heluma a wurin, wato shugaban leburori. Duk wanda ya shiga ramin nan da diga ko shebur ko kwanon sarki, a wuyana yake har ya fito. Dokata guda ce: ana sarar gaɓar rami daga sama a riƙa yi mata matakala, ba a ƙwaƙule ta daga gindi. In an ƙwaƙule gindin, saman kan zubo da kansa, tifa ta cika nan da nan, kowa ya huta. Sai dai wani lokaci yakan zubo mutum na ƙarƙashi.

Kin san Sale da zafin nama, kin kuma san shi da kunnen ƙashi. Da na fara ganin yana ƙwaƙula, na ja shi gefe na yi masa magana a hankali. Ya yi dariya ya ce ya ji. Na sake kama shi, ya rantse ya daina. Rannan na dawo daga wajen direban tifa, sai na tarar da rabin jikinsa a cikin kogon da ya yi, ya kwanta a gefe ɗaya yana sara yana waƙa. A bayansa wasu sun fara nasu kogon, tunda ƙanin heluma ma yana yi. Na busa usur, na karɓe digar daga hannunsa, na ce ya tafi gida kada ya dawo. Ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Amma wallahi ban janye ba.

Washegari Gwaggo Hajara ta zo gidana, ko ruwa ta ƙi sha. Wai na ci amanarki. Wai a shekarar fari irin wannan na cire wa ɗan'uwana abinci daga baki, na sami usur da gajeren wando na manta da wanda muka sha nono ɗaya. Uwa ce, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Kuma kin san abin takaici? Gaɓar ba ta zubo ba. Na sa aka sare ta daga sama, sai da muka yini muna gumi kafin ta faɗi. Yanzu abin ya zama na tsokana. In na wuce majalisa sai wani ya tambaye ni lafiyar gaɓar tawa. Ɗan kwangila ma yana ta ƙorafi wai aikina ba ya sauri. Su yi ta yi. Ni ban ce lallai ranar za ta zubo ba, na ce ban san ranar ba, Sale ma bai sani ba.

Ke kaɗai ba sai na yi wa dogon bayani ba, don kina tune da Ɗanjuma na Gafasa.

Ni da shi muka tafi ci-rani haƙar kuza a ƙasar Jos, tun ban yi aure ba. Haka ake ƙwaƙule gaɓa a can, heluman wurin yana gani yana kau da kai don aiki na sauri. Na ɗauki kwano na je na zubar, na juyo, sai na ga jar ƙasa shimfiɗe a inda na bar Ɗanjuma. Ko ƙara mai ƙarfi ban ji ba. Da hannu muka yi ta tono.

Heluman bai zo Gafasa ba. Ni na ɗauko ƙunshin kayansa, da rigarsa da hularsa da zanen da ya saya wa tsohuwarsa. Na kasa zuwa ni kaɗai, kika yafa mayafi kika raka ni. Mun tarar da ita tana sussuka. Ta dubi ƙunshin, ta dube ni, ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa. Da ta sami bakin magana, abin da ta tambaya shi ne, “Babu babba a wurin?”

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango gari. Sannan kika ce, “Habu, in Allah Ya sa ka zama babba a wani wuri, kada ka bari wata uwa ta yi wannan tambayar.”

To, Inna, yau ni ne babba a wurin. In na kau da kai don Sale ƙanina ne, me zan ce wa iyayen yaran da suka bi bayansa? In kuma na mayar da shi ramin, na san halin kayana, ba zai daina ba. Shi a wurinsa ni Yaya ne da ya goya shi, wanda in an yi masa dariya ya huce. Na nema masa wuri cikin magina masu yin kwalbati, inda babu gaɓa a kansa, ya ce ba ya so. Na aika masa da hatsi, ya dawo da shi ko buɗewa bai yi ba.

Gobe Gwaggo za ta zo da liman a ba ni baki. Zan shimfiɗa musu tabarma, in durƙusa in gaishe su, in saurare su har su gama. Sannan in ce su yi haƙuri, Sale ba zai sake shiga ramin da nake kula da shi ba.

Ranar kasuwar Ajingi da ta wuce na gan shi wajen masu manja, ya ɗora 'yarsa, takwararki, a wuya tana riƙe da kunnuwansa. Muka haɗa ido, ya kau da kai. Abin ya yi mini ciwo, Innata, ba zan ɓoye miki ba, sai da na ji ƙwalla. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin mutane, da wannan tafiyar tasa irin ta Baba. Ya wuce ni bai gaishe ni ba, amma da ƙafarsa ya wuce. Iyakar abin da na iya yi da amanarki ke nan, kuma in ya shekara goma yana wuce ni haka, na yarda.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya jiƙan Ɗanjuma da tsohuwarsa. Allah Ya sanyaya zuciyar Sale, Ya raya masa 'yarsa a gaban idonsa. Allah Ya sa duk wanda ya shiga ramin nan da safe ya koma wa uwarsa da yamma. Amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Habu.