Muryar Inna Zara'u Tana Nan Inda Aka Aje Ta

Tasawa, 4 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata Amatullahi,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya zafin Yamai?

Na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina. Shirin nan da kika haɗa mini a ordinatar, kwamfutar nan tawa, mai muryoyin tsofaffi suna bayanin irin gero, na taɓa shi. Kullum sai na buɗe dosiye uku, jakar ajiya cikin jakar ajiya, kafin in kai gare shi, sai na ga ya fi tsabta in jawo shi fili, bisa fuskar na'ura. Tunda kin ce komai a ƙunshe yake cikinsa, ban ga laifi ba. Da na buɗe, wayam. Tsofaffi talatin da ɗaya, ba ko tari.

Abin da ya fi damuna, Inna Zara'u ta garin Maijirgi, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta rasu, kuma na yi wa ɗanta Salifu alkawarin zai ji muryarta ranar sadakar arba'in, jibi. Ban ƙara taɓa komai ba.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya

Tasawa, 7 ga Mayu

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, shi ƙara lafiya.

Na bi abin da kika faɗa ta waya. Na mayar da shirin cikin dosiyensa, kusa da wancan dosiyen mai suna “muryoyi”, na buɗe shi daga nan. Subhanallahi! Duka suka dawo a jere. Na daɗe zaune ina kallo. Ashe ba a cikin shirin suke ba, cikin “muryoyi” suke. Shi dai inda aka tsayar da shi nan yake lalube, kamar makaho da ya san ɗakinsa: randa tana hannun dama, amma in ka kai shi tsakar gida zai miƙa hannun daman ya taɓa iska. Kwana biyu ina kuka, su kuwa suna nan, ko gusawa ba su yi ba.

Wani abu kuma: wurin da na jawo shi, ya gina wani “muryoyi” sabo, fanko. Suna ɗaya, hanya daban. Na rubuta hanyar gaskiyar da ajami a bangon littafina, ƙofa bayan ƙofa.

Jiya na ɗauki na'urar ɗungurungum zuwa Maijirgi, na rungume ta cikin mota. Bayan an shafa fatiha na kunna. Kin tuna Inna ta fara da sallama kafin ta shiga zancen gero? Salifu, mai furfura a gemu, ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya amsa mata. Duk zauren ya amsa.

Ki gaida maigidan naki da kyau. Allah shi tsare mini ku.

Mahaifiyarki,
Sa'adiya